Kawu Sale, Majinyacin Aro

Duk wanda ya yi karatu tare da mu a Kazaure ya san abin da Kawu Sale yake yi kafin ya shiga ɗakin jarrabawa. Sai ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ya ɗaga hannu sama, ya ce, "Ya Allah, Ka shaida ciwon nan na aro ne, kada Ka bar mini shi." Mu kuwa muna layi, shi yana ta jan addu'a har sai Sista Rifkatu, wadda take ba mu maki, ta leƙo ta ce, "Baba Sale, rana tana yi!"

A shekarun da kuɗin mai ya fara gina asibitoci ne aka ɗebe mu koyon kula da masu damuwa da taɓin hankali. Jarrabawar kuwa, a samo mai lafiya, a faɗa masa ciwon da zai kwaikwaya, ɗalibi ya shiga ya yi masa tambayoyi na kwata ɗin awa. Kawu Sale yayan mahaifiyata ne, tsohon tela daga Roni. Wanda ya kawo sunansa a wannan aiki, Allah ya yafe masa, mu dai mun daɗe ba mu yafe ba.

Ranar farko Sista ta ce masa, "Kai manomi ne da ba ya iya barci."

Ya ce, "Gonar tawa tana ina? Gero na shuka ko gyaɗa?"

"Baba, babu wata gona. Wasa ne."

"To mutumin da ba shi da gona, me zai hana shi barci?"

Da kansa ya ba kansa gona a Gwiwa, ya kuma ƙirƙiro maƙwabci mai awaki bakwai da suka cinye ta. Ɗalibai uku a jere suka ƙare lokacinsu suna shari'ar awaki. Kai, Kawu!

Sai abokina Garba na Babura, mai gaggawa, ya faɗa ɗakin ba sallama, ya ce, "Me ke damunka?" Kawu ya ce, "Lafiya lau." Barci? Lafiya lau. Abinci? Alhamdulillahi. Haka har aka buga ƙararrawa. Sista ta dafe kai ta ce, "Baba, ba ka faɗa masa komai ba!" Ya ce, "Yaron da bai tambayi iyalina ba, shi zan buɗe wa cikina?"

Da abin ya tsaya nan, da sauƙi. Kawu ba ya ajiye ciwo don an tashi daga jarrabawa. Ranar kasuwa Garba yana cinikin rake, sai ya ji an ja masa riga. "Likita, har yanzu fa ban runtsa ba." A ƙofar masallaci ma haka. Mako uku yana binsa, sai da Garba ya zaunar da shi gindin wata tsamiya, ya gaishe shi tun daga gajiya har zuwa awakin maƙwabci, sannan Kawu ya ce ya ji sauƙi.

Ni kuma na riga na faɗi sau ɗaya, in na sake faɗuwa kora ce, kuma mahaifina ya ce fartanyata tana nan tana jirana. Mahaifiyata ta yi dambu kwano guda ta aika wa Kawu, da saƙon ya tausaya wa ɗanta. Ya cinye tas.

Da na shiga, na yi sallama, na gaishe shi kamar na gai da hakimi. Ya amsa sallama kawai, ya zuba wa bango ido. Na bi tambayoyin da na rubuta da ajami na haddace, ɗaya bayan ɗaya. Shiru. Na raɗa masa, "Kawu, don girman Allah!"

Ya ce, "Wane ne kawunka? Ban san ka ba."

Tambayoyina suka ƙare, lokaci bai ƙare ba. Ba dabara ba ce, wallahi, rasa abin yi na yi: na sauka daga kujera na zauna kusa da shi a tabarma, na yi shiru ina jiran kora. Can sai ya ce, a hankali, "Sunansa Musa. Shekararsa huɗu, ƙyanda ta ɗauke shi. Rigar sallarsa tana kan keke, ban gama ɗinka ta ba."

Wannan ba ya cikin abin da Sista ta tsara masa. Musa ɗansa ne na gaske, kuma tun da na yi wayo ban taɓa jin ya ambace shi ba. Na ce, "Ina jinka, Baba." Ya yi ta magana. Aka buga ƙararrawa, Sista ba ta tsayar da mu ba.

A waje yana sa takalmi, ya harare ni ya ce, "Ka ci, amma da ƙyar. Surutu ya yi maka yawa. Kuma ka gaya wa uwarka gishiri ya yi wa dambun nan yawa."

Shekara talatin da wani abu na yi ina wannan aiki a dalilinsa. Allah ya jiƙan Kawu Sale, ya yalwata kabarinsa, ya haɗa shi da Musa a Aljanna. Amin.