Ranar da Wasannin Alhaji Mamman Suka Ɓace

Har gobe ban manta da wata Laraba ba, cikin watannin nan da aka rufe layukan waya a yankinmu saboda matsalar tsaro. Ku da kuka shigo wannan sana'a daga baya ba ku ɗanɗana wuyar lokacin ba. Babu kira, babu data, babu sauke ko da hoto ɗaya. Abin da ke cikin kwamfutarka shi ke nan abin da ka mallaka, idan ya goge sai dai ka hau mota ka nemi garin da ke da sabis.

A lokacin ina aiki a nan Ƙanƙara, a shagon ubangidana Injiniya Bala. Matakin ma'aikata uku ne a wurinsa. Akwai mai koyo, wanda aikinsa kwance sukurori da share ƙura. Akwai mai benci, wanda ke gyara amma a gaban idon Oga. Sai mai fita, wanda ake turawa wani gari shi kaɗai, ya yanke hukunci da kansa. Ban daɗe da zama mai fita ba, kuma ba zan ɓoye muku ba, kaina ya ɗan yi girma.

Da hantsi wani direba ya kawo takarda daga Faskari. Alhaji Mamman ne ya aiko, wani ɗan kasuwar hatsi da ya buɗe gidan gem a garin, inda ake biya a buga wasannin kwamfuta. Layi biyu ne kacal: wasanninsa duk sun ɓace, a turo mutum yau. Oga ya karanta ya miƙo mini.

"Ka tahi. Amma ka ji da kyau, kada ka goge komi sai ka ga abin da idonka."

Na ce to, na ɗauki jakar aiki na bi direban. Muka bi ta Sheme, muka isa bayan azahar.

Bari in yi muku bayanin yadda wurin yake, don ku gane abin da ya biyo baya. Babbar kwamfuta ɗaya ce ke riƙe da shagon, an jona ta da ƙaton talabijin. Faifan ajiyar da ke cikinta mai sauri ne amma ƙarami, don haka aka ƙara mata wasu uku na waje, irin waɗanda ake sokawa da waya: baƙi, ja, da wani mai tsagaggen murfi. Wanda ya fara haɗa wurin ya ɗora wasannin ne duk inda ya ga fili. Wasan ƙwallo yana kan baƙin, tseren mota kan jan, sauran a warwatse. Shi kansa da za a tashe shi a tambaye shi, ban ce zai iya faɗin inda kowanne yake ba.

Mai kula da shagon shi ne Malam Lawal, magidanci mai kimanin shekara arba'in. Manomi ne daga wani ƙauye ta wajen Sabuwa, da noma ya gagara ya kwaso iyalinsa ya dawo Faskari, Alhaji ya ba shi makullin shago. Bai san kwamfuta ba sai iya kunnawa da danna hoton wasa, amma mutum ne mai tsari. A wancan lokacin kuwa ba wanda ke barin abu mai daraja ya kwana a shago. Kullum kafin magariba sai ya zare faya-fayan nan uku, ya naɗe su a tsumma, ya tafi da su gida. Da safe ya dawo da su ya soka, baƙi, ja, mai tsaga, bai taɓa sauya jerin ba.

Da na isa, a waje na same shi, zaune kan benci, ya haɗa kai da gwiwa. Na yi masa sallama ya amsa ba tare da ya ɗago ba. An karɓe makullin daga hannunsa tun ranar Litinin.

A ciki kuwa Alhaji Mamman na tsaye, ga 'yan kallo cike da ƙofa, ga wani Ɗanjuma mai cajin waya ya hakimce a kujerar gaban kwamfuta. Ɗanjuma irin mutanen nan ne da magani ɗaya suka sani ga kowace cuta. Kwamfuta ta yi nauyi, fomatin. Ta ƙi sauti, fomatin. Ina jin da akuyarka za ta ƙi kiwo ka kai masa, fomatin zai ce a yi mata. Fomatin kuwa shi ne share faifai tas, a mayar da shi kamar sabo. Har ya buɗo wurin, saura dannawa.

"Malam Ɗanjuma, don Allah ɗage hannunka," na ce, tun kafin in ajiye jaka.

"Ai babu komi ciki. An kwashe. Gara a wanke a sake zubi."

"A zubo daga ina? Da wane sabis?"

Ya janye hannun a hankali.

Alhaji ya ja ni gefe, amma da murya yadda kowa zai ji. "Yaro, abin ga a hili yake. Shekaranjiya an wayi gari duk hoton da an ka danna sai ta ce babu. Kuma sati bai cika ba da wani ya buɗe gidan gem a Sheme, da irin wasannina sak. Wa ka tahiya da kayan ga gida kullum? Ni na riƙe mutumen ga amana. Ban kai shi wurin hukuma ba don ina jin kunyar tsohonshi, amma ya gama aiki a nan."

Ashe maganar ta riga ta zaga gari. An faɗe ta a teburin mai shayi, an faɗe ta a ƙofar masallaci. Mutumin da ya baro gonarsa bai zo da komai ba sai sunansa, ga shi ana neman raba shi da wannan ɗin ma. Raina ya ɓaci, amma ban san gaskiyar ba tukuna, don haka na kama bakina na zauna.

Na danna hoton wasan ƙwallo, ta ce ba ta same shi ba. Na danna na mota, haka. Sai na bar hotunan na shiga cikin faya-fayan da kansu, abin da ba wanda ya yi tun ranar Litinin. Baƙin a cike yake maƙil. Jan ma haka. Na buɗe folda bayan folda, ga wasannin nan kwance lafiya lau, ko ƙwaya ɗaya ba ta yi ciwon kai ba. Sai na tuna inda yatsan Ɗanjuma yake lokacin da na shigo.

Ga abin da ya faru. Duk faifan da aka soka, kwamfuta takan ba shi harafi, kamar lambar gida. Baƙin shi ne D, jan E, mai tsaga F. Hoton wasan da ke kan allo ba wasan ba ne, kwatance ne kawai: je ka gidan D, za ka same shi. To yanzu baƙin ya koma E, jan ya koma F, mai tsaga ya koma G. Kowa ya matsa gida ɗaya. Kwamfuta tana zuwa inda aka kwatanta mata, ba ta tarar da mai gidan, sai ta dawo ta ce babu.

Amma haruffa ba sa matsawa haka kawai. Sai in wani baƙo ya riga su shiga ya zauna a gidan D. Na fita waje na durƙusa kusa da Malam Lawal.

"Malam, ranar Litinin da sahe, da ka zo soka su, ka ga wani abu daban?"

Ya ce, "Na iske ta a kunne. Da wani ɗan abu shuɗi soke a gaba."

"Na wa?"

Ya dubi ƙofar shagon, ya sunkuyar da kai. "Ba ni da bakin hwaɗi."

Na gane. Makulli biyu ne, nasa da na mai shago. Kwana biyu ana kiransa ɓarawo, kuma bai ga dacewar ya ambaci sunan ubangidansa a cikin maganar ba, balle ma bai san abin shuɗin yana da alaƙa da ɓatan ba.

Na koma ciki. A nan ne na fi jin tsoro a duk ranar, don ba ƙaramin abu ba ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai ya nuna wa dattijo kuskurensa a gaban jama'a. Na rage murya na ce, "Alhaji, ko kana da wani faifai shuɗi?"

"Ina da shi. Mi ya haɗa shi da wanga?" Ya laluba aljihu ya fito da shi. "Bidiyon saukar Alƙur'anin ɗiyata ne. Shekaranjiya na shigo da sassahe in gani a babban talabijin, da na gama na ɗauke abina wajen hantsi."

"Alhaji, in ka yarda, zan nuna maka wani abu. Mu kaɗai ko a gaban mutane, yadda ka so."

Ya dube ni sosai. Ina jin a nan ya fara hango inda maganar ta dosa. Ya ce, "A gabansu na yi magana. Yi a gabansu."

Na mayar wa kowane faifai harafinsa na asali, na danna wasan ƙwallo. Filin wasa ya cika talabijin, shagon ya kaure da ihu. Na ce a dakata. Na zare ukun duka, na soka shuɗin Alhaji shi kaɗai, na nuna musu ya ɗauki D. Na sa aka kira Malam Lawal ya soka nasa yadda ya saba. Ya soka baƙi, ja, mai tsaga. Na danna wasan, ta ce babu. Sau biyu na maimaita, ina ɓatar da su ina dawo da su, har Ɗanjuma da kansa ya ce, "Kai, wannan ba fomatin ba ne."

Alhaji Mamman bai yi dogon bayani ba. Ya ciro makullin ya kama hannun Malam Lawal ya danƙa masa. "Lawal, na zalunce ka. Ni na yi ɓarnar da hannuna na ɗora maka. Ka yahe mani, kuma duk inda na hwaɗi waccan magana zan koma in hwaɗi wagga." Na ga manya da yawa a wannan aiki, kaɗan ne na ga sun iya haka.

Sauran yinin na yi shi ne wajen gyara zaman kayan, don kada a sake. Na tambayi Malam Lawal wane wasa aka fi bugawa, ya lissafa mini su tiryan-tiryan, har da ranakun da aka fi neman kowanne. Da wannan na yi rabon. Wasan ƙwallo, da ake bugawa safe da yamma, na mayar da shi faifan ciki mai sauri, kamar yadda mace ke ajiye tsabar yau a ɗaki ta bar sauran a rumbu. Na yi hakan ta cikin manhajar wasannin, wadda ke da wurin sauya wa wasa mazauni, ba jan folda da hannu ba, don in ka ja da hannu manhajar ba ta san ya tashi ba. Wasan mota da wasan faɗa suka haɗu a baƙin. Waɗanda sai jefi-jefi ake nema suka koma jan. Mai tsagar ban yarda da lafiyarsa ba, don haka ban bar komai ya dogara da shi ba, na mayar da shi wurin ajiye kwafin inda kowane ɗan wasa ya tsaya. Sannan na ba su haruffan can ƙarshe, X da Y da Z, inda baƙon faifai ba zai kai ba, na nuna wa manhajar sababbin gidajen, na rubuta komai a kwali na manna a bango. Aiki ne mai tsabta, har yau ina alfahari da shi.

Ina haɗa jaka don in sami motar ƙarshe kafin a rufe hanya, sai Malam Lawal ya riƙo hannun rigata.

"Injiniya, alfarma ɗaya. Tsohona shina gida. Tun Litinin bai hita masallaci ba. In ni na hwaɗa mashi, cewa zai yi kare kaina nika yi. Ka zo ya ji daga bakinka."

Na bar motar ta tafi. Muka sami tsohon a zaure kan buzu, ɗan siriri, idanunsa sun fara dushewa. Na durƙusa na gaishe shi, na shiga bayani, faifai kaza, harafi kaza, ina kwatantawa da hannu. Ya bar ni na yi nisa, sannan ya ɗaga tafinsa.

"Yaro, ban san ko ɗaya cikin abin da kake hwaɗi ba. Abu guda nika tambaya. Ya ci amana ko bai ci ba?"

"Bai ci ba, Baba. Ko ƙwayar zarra."

Tsohon ya juya wajen ɗansa ya ce, "Miƙo mani hulata da sandata." Ana ta kiran magariba a lokacin. Muka fita mu uku, shi a gaba, yana gaida duk wanda ya gamu da shi da ƙarfi.

A Faskari na kwana. Abin da nake so ku riƙe shi ne, idan kwamfuta ta ce babu, abin da take nufi kawai ba ta gani ba a inda ta duba. Ku shiga ku duba da idonku, ku tambayi wanda ya taɓa ta da abin da ya soka, kuma ku tsara kayan mutane yadda mai tsaron wurin zai gane ko ba kwa nan. Mu muna ganin waya da faifai muke gyarawa. Ni dai na ga ranar da dannawa ɗaya ta rage a share hujjar wani bawan Allah, ya ƙare rayuwarsa a garin da sunan ɓarawo, kuma da ba wanda zai taɓa sanin ba shi ba ne.