Kwanson da Don Telmo Bai Rufe Ba

Duk sanda Don Telmo Irazusta zai yi harbi, sai ya fara ɗaga bakin bindigarsa sama, ya ɗan bubbuga gefenta da tafin hannu, sannan ya sauke ta a hankali ya yi saiti. Matarsa, Doña Eufrasia, takan ce izini yake nema daga sama. Bai taɓa musa mata ba. Mu maƙwabtansa a nan yammacin lardin La Pampa mun san dalili. Harsasansa albarushi kaɗan ne a cikinsu, in ba a ɗaga ba sai garin ya baje a kwanso, harbin yau ya saɓa da na jiya. Ɗagawar ce ke tara shi a gindi, inda wuta ke kamawa.

Makiyayin tumaki ne kamar kowa, sai dai yana da ɗan ɗaki a bayan rumfar askin tumaki, inda yake cika harsasai da hannunsa. Na kanti, a cewarsa, an yi su ne don masu son jin ƙara. Bindigoginmu masu ƙaramin baki ne, amma harsashin kanti yakan yaga fatar yanyawa har mai sayen fatu ya yatsine fuska. Ga kuma tsawarsa, wadda ke sa tunkiya sabuwar haihuwa ta ruga ta bar ɗanta cikin sanyi. Nasa ba su da gudu sosai. Huda ƙarama suke yi, ƙararsu kamar an karya busasshen reshe, tumaki su ɗaga kai su koma kiwo.

Mukan tara kwansunan da muka harba a gwangwani mu kai masa. Ya wanke, ya gyara bakinsu, ya jera su tsaye a wani katako mai ramuka, ya auna gari ya zuba wa kowanne. Kafin ya ɗora dalma, sai ya ɗauki katakon zuwa bakin ƙofa, ya karkata shi ga rana, ya leƙa cikinsu ɗaya bayan ɗaya. A lokacin ko mate, shayin ganyen da muke sha a ƙoƙo, aka miƙa masa ba ya karɓa, sai ƙoƙon ya huce a hannun mai miƙawa. Ya taɓa gaya mini cewa cikakken harsashi ba shi da wannan fitina, don in ka manta ka zuba sau biyu gari zai zube ka gani. Nasa kuwa kwanson yakan haɗiye zubi biyu ya yi shiru, ya bar maganar sai ranar da ya zo kusa da fuskar wani.

Wadda ta fi kowa dogara da shi ita ce Nélida Curbelo. Shi ya riƙe ta a coci ranar baftisma, don haka Padrino, wato uban baftisma, take ce masa. Mahaifinta ya rasu ya bar mata garke da tsohuwar bindiga, filinta kuma yana jingine da dajin da yanyawa suka fi yawa. Duk lokacin haihuwar tumaki sai ka gan ta tafe a kan doki da gwangwaninta.

A shekarar da nake magana a kanta, mun lura Don Telmo yana daɗewa a bakin ƙofa fiye da da. Ya fara gaishe ni da sunan ƙanena har sai na yi magana. Doña Eufrasia ta ce wata farar yana ce ta taso masa a ido, shi kuma ya ce gilashin tagar ne ke son wanki.

Wata safiya ina zaune a ɗakin muna shan mate, Nélida ta shigo tana dariya, ta ajiye kwanso ɗaya a kan tebur.

"Padrino, wannan kam da fushi ka cika shi. Ko Doña Eufrasia ta ƙona maka nama ne ranar?"

Ta ce ya yi tsawa har kunnenta ya toshe, wani zafi ya feso mata a kumatu, kuma sai da ta sa dutse kafin bindigar ta buɗe. Yanyawar ma ta tsere, tumaki suka watse. Duk cikin raha take faɗa. A ƙasan idonta na dama akwai ɗigo-ɗigon baƙi, kamar an watsa mata barkono.

Don Telmo ya ɗauki kwanson, bai kai shi kusa da ido ba. Ya shafa gindinsa da babban yatsa, ya sake shafawa. Sannan ya ce ta matso, ya taɓa kumatun.

"'Yata, saura nawa a wurinki?"

"Ai kusan duka. Guda ɗaya ne ya yi rashin kunya."

"Kawo mini su yau."

Ta ce haihuwa ta kankama, gari da nisa, na kanti kuma zai kore mata iyaye daga 'ya'yansu. Ya ce ya sani. Ta ce to ta riƙe 'yan kaɗan. Ya ce a'a. Kafin la'asar ta kawo su, ya zauna ya zare dalmar kowanne, ya juye garin. Bai gaya mana abin da ya samu a ciki ba, mu ma ba mu tambaya ba.

Washegari ya ce zai cika mata sababbi. Ya auna, ya zuba, hannunsa ko rawa babu. Ya ɗauki katakon zuwa bakin ƙofa. Rana ta fito sosai ranar. Ya karkata shi nan, ya karkata can, ya fita har tsakar gida. Na ce ya kawo in duba masa, ya ce idona ya girmi nasa. Nélida ta ce ita fa ko ƙuma tana gani a bayan kare, ya ba ta.

"Wanda ya zuba shi ke dubawa," in ji shi. "In na saba da aron ido, wata rana zan zuba ba kya nan."

Ya koma ciki ya ajiye katakon, ya ɗauko tsumma mai tsabta ya lulluɓe shi. Ya ce sai an gyara masa idon.

Nélida ta tafi gari ta sayo na kanti. Ta yi asarar 'yan tumaki a shekarar, wasu yanyawa ta ɗauke, wasu iyayensu suka gudu suka bari. Ta faɗa masa hakan a fuska, ba sau ɗaya ba. Yakan saurara, yana kallon wajen idonta na dama, ya ce ta ƙara ruwan zafi a ƙoƙon.

An yi masa aikin ido a birnin Santa Rosa bayan askin tumaki, kuma ya yi kyau. Ya dawo yana gane ni tun daga ƙofar shinge, yana nuna wa Doña Eufrasia inda ta tsallake a saƙa, har ta ce da ta sani da ta bar shi da yanarsa. Muka zaci zai koma ɗakin. Yakan shiga ya share, ya shafa wa ƙarafan mai. Tsumman dai bai ɗaga ba. Sau ɗaya Nélida ta tuna masa, ya ce ranar da ya cika wanda ya feso mata a kumatu ma ai ya duba, kuma ya ɗauka ya gani.

Ya rasu cikin sanyin shekara ta uku, a gadonsa. Nélida har yau harsashin kanti take harbawa, wanda yake cike ba ya bukatar komai, amma na gan ta tana ɗaga bakin bindiga sama kafin ta yi saiti.

Da Doña Eufrasia ta ce mu taya ta kwashe ɗakin, ni na ɗage tsumman. Kwansunan suna nan a jere, bakinsu a buɗe, kowanne da ɗan garinsa a gindi. Dalmar tana gefe cikin murfin gwangwani.