Burodin Maman 'Yan Biyu

Ta kan katanga na fara jin ƙamshin, a shekarar da muka tare a Maitumbi. Ina shanya sai iska ta kawo mini ƙamshin burodi da bota da wani abu mai narkewa. Ni kuwa ba ni da kunyar tambaya a kan abinci. Na yafa mayafi na zagaya.

Maƙwabciyar tawa Kirista ce, tsohuwar nas, tashin Sabon Gari. Maman 'yan biyu muke ce mata, ita kuma Amarya take kirana, duk da ina da 'ya'ya uku. Na tarar ta fito da tire cike da ƙananan burodi manne da juna, sun yi ja, cuku na tsiyayowa ta gefe. Kafin in miƙa hannu ta janye tiren.

"Amarya, wannan ba naka ba ne. Naman alade ne a ciki. Ko a kan kujeran nan kar ka zauna, na taba shi da hannu."

Wannan gaskiyar tata ce ta sa na riƙe ta. Na ce to ta koya mini da naman sa. Ta yarda, amma ta ce ban da obin ɗinta, ban da wuƙarta. Komai a gidana, da kayana.

Ba ni da obin, sai na koma dabarar da muke gasa kek da ita: babbar tukunya, yashi a ƙasa, garwashi a gindi da kan murfi. Karon farko na yi wa kaina wayo, na sayi warar Fulani maimakon cukun kanti, wai ai duk madara ce. Wara kuwa ko za a kwana ana gasa ta ba ta narkewa. Maigidana ya gutsira, ya tauna, ya ce da kyau, ya nemi ruwa. Karo na biyu gindin ya ƙone. Na uku naman ya yi kauri, kana cizo yana zarowa gaba ɗaya. Ban fasa ba. Sai da na gane cinyar sa ake jiƙawa da gishiri da tafarnuwa, a dafa, a bari ta huce sarai, sannan a yanka sirara. A raba burodin gida biyu ba tare da an ɓalle shi ba, a shimfiɗa nama da cuku, a rufe, a shafe da bota da albasa, a barbaɗa riɗi. Ya zama abincinmu na ranar da na gaji da tuƙa tuwo.

Da babbar 'yata ta sauke Alƙur'ani, na ƙudura sai burodin nan ya shiga walima. Labari ya kai Shango, wurin yayar maigidana. Dangin maigidana mutanen Bida ne, kuma a sha'anin biki maganarta ce ake bi. Ta hau keke mai ƙafa uku ta zo musamman.

"Na ji wai burodin masu cin alade za ki ba mutane a walimar Alƙur'ani."

"Yaya, naman sa ne. A wurin mahaucinku ma nake saya."

"Ni dai na faɗa miki. Ba mai ci. Kuma matar nan kada ta leƙo wurin girki."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Matar da ta hana ni zama a kujerarta don kare mini addinina, ita ce za a mayar abin ƙyama? Abin haushi kuma, Yaya ba ta iya magana a hankali ba, katangar tamu kuma gajera ce. Tun daga ranar Maman 'yan biyu ta ɗauke ƙafa. In na gaishe ta sai ta amsa daga ciki. Na ga ina shirin rasa ta a kan burodi, kuma na rantse a raina ba za a yi haka ba.

A dangin maigidana, ranar biki mata kan taru da hantsi a tsakar gida, kowa da aikinta, yankan nama kuwa na babbar 'yar gida ne, wato Yaya, ba mai taɓa mata shi. Da wannan na kama Yaya. Ban ɓoye komai a kicin ba, a tsakiyar mata na kafa tukwanena. Na sa maigida ya ɗauki Yaya su je wurin mahauci ta zaɓi cinyar da kanta. Da naman ya dahu ya huce, na durƙusa na ajiye mata shi da wuƙa.

"Yaya, ga aikinki. Sirara ake so."

Ta harare ni. Amma ina za ta ƙi yanka a gaban mata, ta bar wa wata matsayinta? Ta ja kujera. Kuma in faɗi gaskiya, ban taɓa yanka shi da kyau kamar nata ba.

Tiren farko na shiga tukunya na wanke hannu na zagaya maƙwabta. Na sami Maman 'yan biyu zaune da ankon walimar a jikinta, ta ɗaura ɗankwali, amma ba takalmi a ƙafarta.

"Amarya, ka bar ni. Kar in bata maka taro."

Na ce in ba ta tashi ba, nan zan zauna burodin ya ƙone, kuma ta san zan aikata. Na ɗauko takalmanta na ajiye mata a gabanta.

Muna shiga hira ta ɗauke. Na buɗe tukunya, ƙamshi ya cika gidan, amma ba wadda ta motsa. Na zuba a faranti na kai wa surukata, wadda muke kira Nna. Ta tsufa, haƙoranta sun zube, ta daɗe rabonta da nama a biki sai dai romo. Ta latsa burodin da yatsa, ta dubi 'yarta.

"Kai ne ka yanka naman?"

Yaya ta ce ita ce. Nna ta yi bisimilla ta kai baki. Ta ci ɗaya, ta ɗauki na biyu, sannan ta tambayi wa ya koya mini. Na nuna Maman 'yan biyu, tana rakuɓe a bakin ƙofa. Nna ta matsa, ta buga tabarmar da ke gefenta da tafin hannu. Da ta zo ta zauna, tsohuwar ta raba burodin biyu ta miƙa mata rabi.

Daga nan hannuwa suka yi ta shigowa. Yaya kuwa na gan ta tana ƙulla guda huɗu a leda, wai na yara.

Da la'asar na raka Maman 'yan biyu har ƙofarta. Ta tsaya tana juya makulli a hannu, idonta ya kawo ruwa.

"Amarya," ta ce, "ni na dauka yau ta katanga zan ji kamshin."