Yadda na kai Zinatu Tepa sayen goro

Talata: daga Zango zuwa Kajetiya

Ladanin unguwarmu bai ko gyara murya ba muka fito, ni da Zinatu, kowacce da kwando a ka. Tsakanin ƙaramar sallah da babba ne, farkon 1970, makonni kaɗan bayan dokar korar baƙi. Zango, unguwarmu ta baƙi a Kumasi, ta yi tsit, shaguna a garƙame, ɗakuna da yawa ba labule. Ni Asabe a nan aka haife ni, takardata ta izinin zama kuma ta fito. Sana'ata ɗaurin goro, ita nake koya wa 'yan mata a tsakar gidana.

Zinatu shekararta goma sha huɗu. Uwarta ta daɗe da rasuwa. Ubanta, mai sayo goro daga ƙauye, yana cikin waɗanda aka kora. Ya bar ta wurin kakarta, tsohuwa mai ciwon ƙafa, ya ce zai aiko, shiru kake ji. Sai ga wata mata mai haƙorin zinariya tana zaga gidaje, wai tana kai yara Ankara, babban birnin ƙasar, aikin gida. Aikin gida ina! Mun ga yadda waɗanda suka bi ta suke dawowa. Tsohuwa har ta amsa mata, don tukunyarsu ta daina hawa wuta. Na je na tsuguna gabanta.

"Inna, ki ara mini yarinyar nan. In ba ta dawo da sana'a a hannunta ba, na cire bakina."

"Ke dai Asabe da rigima. Ranar Juma'a matar za ta zo ɗaukarta."

"Kafin Juma'a muna gida."

Matan adashinmu, Allah ya saka musu, suka bar wa yarinyar kwasar wannan watan ta yi jari. A tashar Kajetiya muka sha koko da ƙosai a tsaye, muka hau motar katako mai zuwa Tepa. Direban, Kwaku, ya san ni tun ina budurwa.

Shingen Mankaranso

Mun wuce Abuwakwa lafiya. A Mankaranso aka tsayar da mu a shinge, ɗan sanda ya leƙo yana duba fuskoki. Ya ga mayafina ya nemi takarda, na miƙa. Ya nuna Zinatu. Yarinya ta sunkuyar da kai. Ga shi Asantanci a bakinta ya fi nawa sau goma, amma ko uffan.

Kwaku ya sauko yana dariya. "Ofisa, wannan ai a Kumasi aka yanke mata cibi. A gabana ta koyi tafiya."

Aka ɗaga sanda. Da muka yi nisa na ce mata, "Ke, bakin nan naki na ado ne?" Ta ƙara sunkuyawa. Wallahi na damu, don ciniki ba a yin sa da kai a ƙasa.

Tepa

Rana ta take muka isa, kusan mil hamsin, jar ƙasa har cikin kunne. Mun sauka a zangon garin, gidan matar liman. Nan ma rabin ɗakunan wayam. Ta ba mu dafaffen doya da miyar kontomire, wato ganyen gwaza, ta ce tun da masu saye suka tafi goro yake ruɓewa a gindin bishiya. Ita ta kwatanta mana hanyar ƙauyen Mami Akosuwa, matar da uban Zinatu ya yi shekara da shekaru yana sayen goronta.

Laraba: gidan Mami Akosuwa

Da hantsi muka shiga daji a ƙafa, ta cikin gonakin koko, hanyar ba ta wuce faɗin tabarma ba. Mun tarar da Mami zaune kan kujerar tsuguno da 'yan'uwanta mata uku. Dattijuwa ce ƙaƙƙarfa, ido kamar na alƙali.

Al'adar Asante, baƙo ya bi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya daga dama yana ba su hannu. Sai a ba shi wurin zama da ruwa, sannan a tambaye shi amaniye, wato ya faɗi abin da ya kawo shi, ko da an sani. Na bi layi na ba kowa hannu. Ina waiwayawa, me zan gani? Zinatu ta zube takalmi can bakin ƙofa, ta durƙusa, kai a ƙasa, hannuwa a cinya. Gaisuwar gidanmu ke nan, wadda mu muka koya mata da rankwashi.

Mami ta miƙo hannu, hannun ya tsaya a iska. Fuskarta ta canja.

"Wannan hannuna ne take ƙyama, ko wani abu take ɓoyewa?"

Na ce, "Mami, ladabi ne irin namu."

"To. Amaniye?"

Bakina har ya buɗe. Na iya tsara magana, da na gama komai kafin mu shanye ruwan da aka ba mu a ƙoƙo. Amma in na yi, goron nawa ne, yarinya kuma 'yar ɗaukar kaya. Na haɗiye na ce, "Maganar ba tawa ba ce. Ga mai ita can."

Zinatu ta ɗago ta dube ni da ido na neman taimako, na kau da kai na tsura wa turmi ido. Allah ya sani, tausayinta kamar ya kashe ni.

Mami ta ce, "Ba na sayar wa wanda ban ji muryarsa ba. 'Yar wa ce ke?"

Nan ne wurin ya fi tsauri. 'Yar gidanmu ba ta kama sunan ubanta. Tun da aka haifi Zinatu sunan nan bai taɓa fita bakinta ba. Ɗaya daga cikin matan ta tashi ta fara kwashe ƙoƙuna, alamar zama ya ƙare.

Sai na ji motsi. Yarinya ta miƙe, ta tako, ta fara ba da hannu daga dama. Da ta iso gaban Mami ta riƙe hannunta ta ce da Asantanci, "Ni 'yar Garba Dogo ce. An kore shi. Na zo in sayi goro, ni da kaina."

"Kiramo Garba!" Mami ta buga cinya. Haka suke kiran Musulmi. Ta jawo yarinyar jikinta tana tambayar ko yana da rai, ko ya isa gida. Zinatu ta ce ba ta sani ba, sai hawaye. Na bar ta ta yi, ni ma na goge nawa da gefen mayafi.

Ciniki kuwa ba sassauci. Mami ta faɗi kuɗi, Zinatu ta dube ni, na sake duban turmina. Ta taya da kanta, ta tsince masu sankara ta ture gefe yadda na koya mata, har Mami ta yi dariya ta ce, "Wannan ta fi ubanta taurin kai. Bishiyoyin da nake ajiye masa, ke zan riƙa ajiye wa." Muka ci fufu da miyar kwakwa, muka yanki ganyen fita na ɗauri, muka koma Tepa da kwanduna cike.

Alhamis da Juma'a: gida

Motar Kwaku muka sake samu. A shingen Mankaranso Zinatu ce ta gai da ɗan sandan, har ta miƙa masa goro biyu. La'asar sakaliya muka shiga Zango, muka jiƙa goron a gidan kakarta.

Da safiyar Juma'a mai haƙorin zinariya ta yi sallama. Ta tarar da mu a tsakar gida muna ɓare goro, tsohuwa ta miƙe ƙafarta mai ciwo, ƙwarya a cinya.

"Inna, na zo ɗaukar yarinyar."

Tsohuwa ba ta ko ɗago ba. "Ba ta da lokaci. Kayanta ne muke taya ta gyarawa."

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Na gode wa matan adashi, da Kwaku, da matar liman, da Mami Akosuwa. Amma murnata ba ta cika ba. Matar ta tsallaka gidan da ke kallonmu, ta fito da 'yan mata biyu, kowacce da ƙunshin zane a hammata. Ƙanwarsu ƙarama ta biyo su har bakin kwata tana kuka. Ni kuwa jarin mutum ɗaya kawai muka iya haɗawa.

Zinatu ta tsaya a ƙofa tana kallo har suka sha kwana. Ta dawo ta zauna, ta ɗauki goro, ta dube ni ido cikin ido.

"Mma Asabe, in za mu koma Tepa, mu tafi da ƙaramar. Ni zan koya mata yadda ake ba da hannu."