Ranar da ruwan garkar abokina ya gurɓace

An kwana biyu da yin wannan abin. Lokacin ina aiki a Arlit, ni ke kula da na'urorin auna motsin ƙasa. Shugabana ya ce a binne ɗaya can cikin duwatsu, kusa da wani marmaro mai ruwan zafi. Abokina na da garka a wurin, na roƙe shi, ya ce, "Binne abinka, ƙasa ta Allah ce."

Ba a yi wata biyu ba ruwan ya gurɓace, yana ta kumfa. Da shi mutanen wurin ke ban ruwa, tsofaffi kuma suna jiƙa gwiwoyinsu. Nan take aka ce ƙarfen baƙon nan ne, wato na'urata. Maƙwabta suka daina zama shan shayi wurin abokina, wasu ko gaisuwa.

Na duba abin da na'urar ta rubuta. Ashe wata babbar girgizar ƙasa aka yi can bayan teku. Motsinta ya ratso ƙasa har ya iso, ya taɓa ruwan zafin da ke matse cikin tsagar duwatsu, sai ƙananan girgiza suka biyo baya, waɗanda ƙafa ba ta ji.

Na kwashi takarduna na tafi wurin maƙwabtan, ina ji da kaina. Na yi ta bayani har bakina ya bushe. Wani dattijo ya ce, "Yaro, a yi girgiza a bayan teku, ta tsallake duniya duka, sai marmaronmu ta nema?" Aka kwashe da dariya.

Abokina bai yi dariya ba. Ya ce, "Malam, na yarda da kai. Amma da su nake zaune." Da hannunsa ya tone na'urar ya miƙo mini. Wallahi na ji zafi, ko shayin ban tsaya sha ba.

Daga baya ruwan ya washe da kansa, aka ce ai ga shi nan, an cire ƙarfen ya gyaru.

Bayan kusan shekara, ina zaune a ofis, sai ga abokina da dattijon nan, da kwalbar ruwa mai laka. Ruwan ya sake gurɓacewa, alhali babu ƙarfen kowa a garkar. Dattijon ya dangwarar da ita kan teburina ya ce, "To, duba mana. Wannan karon a ina aka yi girgizar?"

Har yau in na tuna, ba gaskiyar da na yi ke daɗa ni ba. Shekara guda na yi ina fushi da mutumin da ya ce ya yarda da ni, alhali shi ya yi ta yi musu bayanin da na kasa.