Inda Za a Kwantar da Regina

Shekara talatin da ɗaya Malam Levi ya yi yana koyar da tarihi a Kafanchan, ɗalibansa kuwa darasi ɗaya suka riƙe. Yakan zana tsohuwar daular Poland da Lituweniya a allo, ya ɗauki tsumma ya goge gefe, ya ce maƙwabta sun ɗiba. Ya sake gogewa. A karo na uku allo ya koma baƙi ƙirin, ya ce shekarar 1795 ke nan, Rasha da Furushiya da Ostiriya sun cinye ƙasa mai sarki da majalisa. Yara su yi ta dariya. Shi kansa, tsakani da Allah, labarin nesa ya ɗauke shi.

Nasa ƙauyen yana bayan Godogodo. Wani hari ya watsa mutanensa, wasu Kachia, wasu Jere, kowa da niyyar komawa in an samu lafiya. Ba wanda ya koma. Ƙauyuka uku na kewaye suka shiga aron gonaki, bana fadama, baɗi gindin dutse, har filin coci ya sha garma. Ba a yi faɗa ba, ba a rubuta takarda ba. Levi ya ji, ya ce zai je, ciwon gwiwa da gobe-gobe suka hana shi.

Sai matarsa Regina ta rasu. Abu ɗaya ta roƙa: a kwantar da ita kusa da ɗansu na fari, wanda suka binne a bayan tsohon gida.

Ya tafi neman izini a ƙasar ubansa, abin da ya ƙona masa rai. Mai unguwa na farko ya tura shi ga na biyu, na biyu ya ce ai wannan ɓangaren na uku ne. Can ya tarar mai noman wurin tsohon ɗalibinsa ne, Dickson. Dickson ya durƙusa ya yi masa gaisuwa, ya kai shi har gonar.

Citta ce ko'ina, kore shar. An sare mangwaron ƙofar gida, an kwashe duwatsun kabari an tare zaizaya da su.

"Baba, nuna wurin kawai," in ji Dickson. "Ni da kaina zan tumbuke cittar."

Levi ya yi ta zagaye yana neman kabarin ɗansa har rana ta take. Sau biyu yana ɗaga hannu zai nuna, yana saukewa.

Ranar Asabar aka binne Regina a maƙabartar cikin gari, tsakanin mutanen da ba ta sani ba.