Uwar Fom, Kin Tafi Babu Mai Tambayarmu

Daga Allah muka zo, kuma gare Shi makomarmu take. Da hantsin ranar Talata, tara ga watan Mayu, mijinki ya kira ni ya ce, "Yayarka ta cika." Ina cikin motar haya a lokacin. Na sauka tun ban kai inda za ni ba, na zauna a bakin titi har rana ta take.

Ba mu haɗa jini ba, Yaya. Aiki ne ya haɗa mu, kuma da farko ban so haɗuwar ba. Kin yi shekara ashirin da shida a sashen ƙididdiga na hukumar sufurin jiragen sama, ni kuma akanta ne a wani kamfanin jirage. Duk shekara sai kin aiko wa kowane kamfani fom: nawa ya samu, nawa ya kashe a mai, a albashi, a gyaran jirage. Ki tattara, ki tace, ki tura wa hukumar duniya da ke buga alƙaluman ƙasashe. Mu akantoci muka laƙaba miki Uwar Fom. In wayar ofis ta yi ƙara a watan Maris, kowa sai ya ce a gaya miki ya tafi sallah. Ke kuma ki ce, "Allah Ya karɓa. Ina riƙe da wayar har ya sallame."

Ban san darajarki ba sai shekarar da kamfaninmu ya fara durƙushewa. Manajanmu ya sa na murɗe alƙaluma don a ɓoye asara, na murɗe, na sa hannu, na hau bene na uku na kawo miki. Ina tuna ɗakin nan: durowoyin ƙarfe har rufi, da fanka mai kuka wadda kika danne takardu da kofi saboda ita. Kika ɗauko fom ɗin bara kika jera shi da na bana, kina bin layi da rula.

"Ƙanena," kika ce, "jiragenku sun ƙara yawan tashi, ka ga kuma..." Sai kika tsaya, kika gyara tabarau, kika dube ni. "Kuɗin gyara ya ragu da rabi, amma kun ce kun ci riba. Jiragen naku sun daina tsufa ne?"

Ba ki ɗaga murya ba. Kika buɗe durowa kika miƙo mini sabon fom, kika ce sa hannuna ne a takardar, ba na manaja ba, kuma ranar da za a zo bincike shi yana can wata ƙasa. Na koma na cike gaskiya. Aka rage mini matsayi, na yi wata biyu ina jin haushinki. Da aka zo binciken daga baya, abokan aikina biyu sun kwana a tsare. Ni na koma gida wajen 'ya'yana.

Sau uku kina rubuta wa shugabanninki cewa kamfanin nan yana cin kuɗin gyaran jirage don ya biya albashi, kuma ba zai kai ko'ina ba. Amsar da kika samu ita ce aikinki tattarawa ne, ba sharhi ba. A karo na uku aka ɗauke ki daga kujerarki aka kai ki ɗakin ajiyar fayil a ƙasan bene, inda ko taga babu. Bayan wata goma sha huɗu muka zo aiki da safe muka tarar da kwaɗo a ƙofar kamfaninmu. Mu fiye da ɗari huɗu ne. Na kira ki ina tsammanin za ki ce ai kin faɗa. Abin da kika ce kawai shi ne a gode wa Allah da kamfanin ne ya faɗi, ba jirgi ba.

Ke da aka wulaƙanta, ke ce kika riƙa yawo da takardunmu a jaka kina nema mana aiki. Aikin da nake ci da iyalina yau, ke kika kai ni da ƙafarki. Wata ma'aikaciyar jirgi da mijinta ya rasu ta zauna a gidanki wata bakwai da 'yarta, kuma ko mu ba mu sani ba sai da ita ta faɗa a wajen zaman makoki.

Na zo duba ki a asibiti mako biyu kafin rasuwarki. Kin rame har zobenki na yawo a yatsa. Na ce ki kwantar da hankalinki, kin sauke nauyin da ke kanki. Kika girgiza kai.

"Rubutu na yi, ƙanena. Da na je na tsaya musu a ƙofa, da wataƙila sun karanta."

Na so in ƙaryata ki, amma na san ko a ƙofar kika kwana, tsallake ki za su yi.

Jiya na bi ta tsohon ofishinki. Mutum biyu suka rage a sashen, ɗaya zai yi ritaya a ƙarshen shekara. Suna aika fom, kamfanoni ba sa amsawa, kuma babu mai bin sawu. Sun ce shekara uku ke nan ana buga rahoton duniya da gurbin ƙasarmu babu komai a ciki, kuma har yau wani babba bai tambayi dalili ba. Jirage na tashi cike da mutane, babu wanda ya san halin da masu su ke ciki. Ina so in rubuta cewa za a samu wata kamarki. Ba na ganin alama, kuma ba zan yi miki ƙarya a kan kabarinki ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mijinki da ya yi jinyarki shekara guda bai gaji ba, da 'ya'yanki uku, da mahaifiyarki da tsufa ya kai ta ga binne 'yarta ta fari. Allah Ya ba su haƙurin wannan rashi.

Ya Allah, ga baiwarKa ta zo gare Ka. Ka yafe mata kurakuranta, Ka yalwata kabarinta, Ka haskaka shi. Ta faɗi gaskiya a nan ba a saurare ta ba. Ka karɓa mata a can. Mu kuma da muka riƙa ɓuya idan ta kira, Ka yafe mana.